Bin sawun jirgin Baba Mai Jirgi

A gidanmu na Fagge ba a kiran kakanmu da sunansa. Baba Mai Jirgi ake ce masa, kuma da wannan sunan ya rasu ina aji uku a firamare. Abin da muka taso muna ji shi ne ya yi aikin sojan sama a yaƙin Hitila, kuma jirginsa ya ɓata. Mu yara muka yi ta ƙara wa miyar gishiri har ya zama matuƙi, muka kai shi ƙasar Bama ta Asiya, muka sa ya diro da laima a tsakiyar daji. Ba wanda ya ƙaryata mu, don shi kansa ba ya zancen. Abin da ya bari kaɗan ne, a cikin wani tsohon gwangwanin alawa a ƙasan adakar kakarmu: lambar yabo guda ɗaya da ƙyallenta mai ja da fari da shuɗi wanda ya koɗe, sai wani hoto na mutum bakwai cikin gajeren wando a gaban farfelar jirgi. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina neman gaskiyar wannan labari, kuma kusan shekara guda a ciki asara ce tsagwaronta, saboda na fara daga inda ya kamata in ƙare.

Intanet na fara shiga, kamar kowa. Na rubuta Najeriya da sojan saman Birtaniya da Turanci, sai ga wata runduna mai lamba 91 da sunan Najeriya manne a jikinta. Murna ta kama ni, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Mako uku na yi ina karanta labarinta kafin in gane cewa a kudancin Ingila ta zauna, a wani fili da ake kira Hawkinge, tana tuƙa jiragen Spitfire, kuma an laƙaba mata sunan ne saboda kuɗin da mutanen ƙasar nan suka tara na gudummawar yaƙi. Ba ta da haɗi da kakana ko kaɗan. A cikin wannan ɗimuwar ne wani mutum da na haɗu da shi a Facebook ya ce shi gwanin tono takardun tsofaffin sojoji ne. Na tura masa naira dubu 40. Bayan kwana goma ya aiko mini da shafi biyu da ya kwafo daga inda ni ma na riga na karanta, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ban gaya wa matata ba sai da aka kwana biyu.

Daga nan na nufi ofishin 'yan mazan jiya da gwangwanin a aljihu. Zuwana na farko ban tarar da kowa ba sai mai gadi. A na biyu na samu wani dattijo, tsohon samanja, yana zaune a benci yana sauraren rediyo. Ya karɓi lambar ya jujjuya ta: gefe ɗaya kan Sarki Joji na shida, ɗaya gefen zaki ya taka wata dabba mai kama da dodo. Ya duba bakinta, ya miƙo mini. Ya ce, "Yaro, wannan ai duk wanda ya yi kwana 28 cikin kaki a yaƙin nan an ba shi. Kuma ka gani, ba a buga suna a jikinta ba. Ina lambarsa ta soja?" Na ce ban sani ba. Ya yi dariya ya ce, "To ai ba ka zo ba tukuna. Bature lamba ya sani, bai san suna ba." Shi ne ya fara warware mini zancen Bama. Ya ce waɗanda suka je can sojan ƙasa ne, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, ba su da alaƙa da jirgi sai dai a jefo musu abinci daga sama. Ya kuma ja mini kunne kan suna. Akawun da ke ɗaukar soja yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, kuma sau da yawa sunan gari ake liƙa wa mutum a maimakon na mahaifinsa, shi ya sa rajista ta cika da su Audu Kano da Garba Sakkwato. Abdu zai iya zama Audu ko Awudu, Muhammadu ya zama Mamman ko Momo. Ban biya ko kwabo ba a nan, sai goron da na saya masa don kaina, amma abin da na samu ya fi na mai dubu 40.

Duk da haka taurin kai bai bar ni ba, na ce sai na nemi takardar aikinsa daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya. A shafin gwamnatinsu ake cike takardar neman. A da ana biyan fam 30, amma ma'aikatar ta soke kuɗin a watan Afrilun 2023. Abin da ya tsayar da ni shi ne takardar shaidar mutuwa, wadda suke buƙata in dai mutumin ba a bakin aiki ya mutu ba. Wa ya karɓi takardar mutuwa a Fagge a wancan lokacin? An yi masa wanka, an yi masa salla, an kai shi. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, ƙanin mahaifina ya tsaya mini shaida, sannan na kai hukumar ƙidaya aka ba ni takarda. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, 'yan dubbai ne, zirga-zirgar ce ta ci mini mako uku. Akwai wani tebur da na je sau huɗu, kullum mai sa hannu ya fita. Ranar haihuwa kuma ƙiyasi muka yi. Na tura, na zauna jira. Sun faɗa tun farko cewa abin yana iya ɗaukar watanni, ga shi kuma ana cikin kwashe tsofaffin takardun zuwa babbar ma'adanar tarihinsu. Bayan wata bakwai amsa ta zo, cikin ladabi, layi huɗu: ba su ga mai wannan suna ba, in ina da lambar soja in aiko. Maganar samanja ta dawo mini. Ranar ban ci abincin dare ba.

Mahaifiyata ce ta ce, "Kai kana ta wahalar da kanka da Turawa, ga Gwaggonka nan a Ɗambatta da ranta." Gwaggo ita ce babbar 'yar Baba, ta haura tamanin da biyar, idonta ya tafi amma kanta garau. Na je ranar Asabar da sukari da sabulu, na zauna a bakin tabarmarta, na kunna abin ɗaukar murya a waya. Da na ce ina neman labarin jirgin da Baba ya tuƙa, sai da ta yi dariya har da tari. "Wane tuƙi, ɗan nan? Baba ko keke bai iya ba sai bayan yaƙi. Mai yake zubawa." Ta ce lebura ne a filin jirgin Kano, daga baya ya zama heluma, mutum shida a ƙarƙashinsa, su ne na cikin hoton. Aikinsu ɗauko garwar mai, su hau kan fiffike, su ɗora mazurari da wata fata mai laushi a bakinsa, su riƙa tsiyayawa a hankali don fatar ta tare ruwa da yashi. Kaki kuwa sai can wajen ƙarshen yaƙi aka ba su. Sai ta yi shiru, ta ce jirgin da ake faɗa ba nasa ba ne, na wani yaron Bature ne da ke ba shi taba, yana gaishe shi da Hausar da ba ta nuna ba. Wata safiya da hazo Baba ya zuba masa mai da hannunsa, kuma a ranar fatar ta ɗan yage a gefe, ya gani, bai faɗa ba don tsoron saje. Jirage suka tashi gabas, da yamma labari ya zo cewa ɗaya bai isa ba. "Har ya koma ga Allah yana ganin shi ya kashe yaron nan. Kowace azumi sai ya yi sadaka a kansa, ko da yake ba Musulmi ba ne." Na tambaye ta shekara. Ta ce ita ba ta san shekarar Bature ba, amma Inna ta ce da hunturun da Jamus suka jefa bam a Cadi ne, lokacin da aka hana kunna fitila da dare a unguwa.

Wannan magana ɗaya ita ta buɗe komai. Jirgin Jamus guda ɗaya ne ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a filin jirgin Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a watan Janairun 1942. Na samu shekara, na samu yanayi, na samu fili. Sai a lokacin na karanta abin da ya kamata in fara da shi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta zama haɗari ga Birtaniya, sai suka koma kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙa su zuwa Masar. Ayari na farko ya tashi a Satumban 1940. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, Fort Lamy, Janaina, Fashir, Ubayyid, Khartum, sannan a bi kogin Nilu zuwa arewa, tafiyar kamar kwana shida. Duk wanda ya san hanyar alhazan ƙafa zai ga kusan ita ce, a sama. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agustan 1940, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato ta Faransawan da suka bi Jamus, don haka matuƙin da ya karkace arewa ya sauka wajen Damagaram, tsare shi za a yi. Jirgi mai inji biyu, Blenheim, shi ke jan gaba da mai duba hanya a ciki, ƙananan Hurricane kamar shida na biye da shi kamar 'yan tsaki. Wanda ya daina hango jagora a cikin hazo, ya shiga uku. Sama da jirage 5,000 suka bi wannan hanya zuwa 1943. Rundunar 'yan Afirka ta Yamma masu yi wa sojan sama aikin ƙasa kuwa sai a 1944 aka kafa ta. Ma'ana, lokacin da jirgin ya ɓata kakana farar hula ne mai karɓar lada, ni kuma ina can ina nemansa a rajistar soja.

Na ɗauki hutun kwana huɗu na tafi Kaduna, Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Ka tafi da takardar neman izini wadda ta faɗi abin da kake bincike, da katin shaida, da ƙaramin hoto, da ɗan kuɗin rajista. Ranar farko duk a kan kundin jerin fayiloli ta ƙare, don ba a cewa a kawo maka fayil ɗin wane, sai ka nemo lambarsa da kanka. Na lardin Kano na bi, da na sakatariyar lardunan Arewa. Wani ma'aikaci mai haƙuri ya ce in daina neman kalmar yaƙi, in nemi filin jirgi, da leburori, da diyyar gonaki, kuma nan ne abin yake. Takardun sun yi ja, gefensu na marmashewa, ƙusar da aka haɗa su da ita ta yi tsatsa ta ci rami a kusurwa. Na ga wasiƙu tsakanin Razdan da En'e kan faɗaɗa fili da neman ma'aikata, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, na ga umarnin da aka aika wa hakimai kan abin da za a yi in jirgi ya faɗi a ƙasarsu: a tsare shi, a kula da matuƙi, a tura mai doki wurin Di'o. Leburori kuwa adadi ne kawai, mutum kaza, kuɗi kaza. Na bi layi-layi da yatsa ko zan ga heluma ɗaya da suna, ban gani ba. Na leƙa Gidan Arewa na duba tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo na lokacin, na ji daɗin karatun, amma jarida a lokacin yaƙi ba ta faɗin zirga-zirgar jirage. Mota da masauki da abinci da kwafi sun ci mini kusan abin da mutumin Facebook ya ci, sai dai wannan karon na dawo da fahimtar cewa in daina neman mutum, in nemi jirgi.

Takardun jirgi kuma suna babbar ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew, a yammacin Landan. Ba ni da kuɗin zuwa, amma 'yar yayata tana karatu a Ingila. Na kira ta, ta ce, "Kawu, ni fa lissafi nake karantawa, ban san komai a tarihi ba." Na ce ai lamba za ki bi. Ga abin da muka koya, wanda da na san shi da wuri da na huta. Kowace runduna da kowace tashar sojan sama tana da littafin aikin yau da kullum. Na rundunonin yaƙi suna ƙarƙashin jerin fayiloli mai lamba AIR 27, an ɗora su a intanet, lokacin da na duba ana sauke su kyauta in ka yi rajista, in ba ka yi ba fam 3.50 kowane. Na ɓata dare da yawa a cikinsu a banza, domin jiragen da ke wucewa ta Kano ba su kai ga rundunarsu ba tukuna, a hanya suke. Nasu labarin yana cikin littattafan tashoshi, AIR 28, da na ƙananan rukunoni, AIR 29, waɗanda sai an je da ƙafa. Akwai kuma AIR 81, fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓata. Shiga kyauta ne, katin mai karatu kyauta ne, amma sai da shaida biyu, ɗaya ta ko kai wane ne, ɗaya ta adireshi. Ba sa buɗewa Lahadi da Litinin. Ana barin mutum ya ɗauki hoto da wayarsa, kuma fensir kawai ake shiga da shi. Ta yi odar fayilolin tun kafin ranar, ta je wata Asabar, kuɗin jirgin ƙasa da abincin rana kawai na tura mata.

Ina zaune a shago hotuna suka fara shigowa, sama da ɗari biyu, rubutun tafireta mai dishi-dishi. Dare uku na yi ina bi da tabarau, daga Disamba zuwa Maris. Kusan kowane layi iri ɗaya ne: ayari kaza ya sauka, ayari kaza ya tashi, hazo ya hana tashi. A dare na uku na ga shi. Ayari ya bar Kano da safe, an shiga hazo mai kauri, Hurricane ɗaya ya rabu da jagora, bai isa Maiduguri ba. Ga lambar jirgin, ga sunan matuƙin da muƙaminsa na saje. Babu wani makamancinsa a cikin waɗannan watanni da ya tashi daga Kano. Na tashi na yi alwala, don hannuna rawa yake. Na shiga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wanda kyauta ne, na rubuta sunan. Na san waɗanda suka tashi daga Afirka ta Yamma suka ɓata ba kabari, a dutsen tunawa na tsibirin Malta ake rubuta su. Ba ya can. Ba ya ko'ina a cikin matattu.

Mataki na ƙarshe shi ne gidan tarihin sojan saman Birtaniya da ke Hendon, a Landan. Suna da kwafin katin haɗari, wanda ake kira Form 1180, an jera su bisa irin jirgi da ranar haɗari, shi ya sa ba za ka iya tambaya ba sai kana da waɗannan biyun. Na aika musu da wasiƙar imel da lambar jirgin da ranar, bayan mako biyar suka turo hoton katin. Ɗan ƙaramin kati ne, an cike shi da hannu. Matuƙi ya ɓata a hazo, ya yi ta kewaye har mai ya ƙare, ya saukar da jirgin a kan cikinsa a wani fili. Bai ji rauni ba. Mutanen ƙauye suka kai shi wurin hukuma. A gurbin da ake rubuta matsalar inji, ba a rubuta komai ba. Injin ya sha man nan har ɗigon ƙarshe bai yi tari ba. Shi yaron aka wuce da shi gabas, bai sake biyowa ta Kano ba, kuma ba wanda ya ga dalilin komawa ya gaya wa heluman leburori.

In za ka yi irin wannan nema, fara da tsofaffin gidanku, yau ba gobe ba, kuma ka ɗauki muryarsu. Kada ka tambaye su shekara, ka tambaye su me ya faru a garin a lokacin, wane sarki ne, rani ne ko damina. Ka juya kowane hoto da kowace takarda ko akwai lamba, domin in ka samu lambar soja ka yanke rabin tafiya. Ka tantance tun farko ko mutumin naka soja ne ko farar hula, sojan ƙasa ne ko na sama, don kowanne da inda takardunsa suke. Ka rubuta sunansa ta duk yadda kunnen baƙo zai iya jin sa. Kuma in na ƙasa ne irin kakana, ka sa a ranka cewa da wuya ka ga sunansa, sai dai ka bi fili, ka bi wata, ka bi jirgin da ya taɓa, su ne aka rubuta. Kada ka ba kowa kuɗi sai ya faɗa maka lambar fayil ɗin da zai buɗe.

Na koma Ɗambatta da katin a waya, ko da yake ba gani za ta yi ba. Na karanta mata, ina fassarawa. Ta sa na maimaita wurin da aka ce bai ji rauni ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana murza carbi. Can ta ce, "To sadakar fa, ta shekara arba'in?" Na ce ai tana nan inda aka ajiye ta, Gwaggo. Ta ce in karanta mata sunan yaron. Na karanta, ta gwada faɗa sau biyu bai faɗu ba, ta ce in bar shi, in kira mata ƙaninta a waya tun bai fita masallaci ba.